Inci Biyu a Ƙugun Baba

"Lafiya ƙalau muka tashi, mu da muka iya tashin ke nan," in ji Kaka, tana ɗaga labulen shagon da kan sandarta. "Sauran suna can, yunwar da ka saukar mana ta hana su miƙewa."

Tela ya ɗauke ƙafarsa daga kan keken ɗinki. Shi ne jikanta na fari, ɗan babban ɗanta. Tun yana rarrafe take kiransa Maigida, shi kuma da ya yi baki ya sa mata Amarya, har yau da ya ba shekara talatin baya. Shagon ƙarami ne, keke biyu, teburin yanka, dutsen guga, da benci ɗaya da ƙyallaye suka cinye rabinsa.

Mako uku ke nan da likita ya gaya wa mahaifinsa, wanda ke tuƙa motar haya, cewa sukarin jininsa ya hau, nauyinsa kuma ya fi ƙarfin gwiwoyinsa. A ranar Tela ya tara mutanen gida, ya ce ba za a bar Baba shi kaɗai ba, kowa zai rage ƙiba. Ya samo wani tsari a waya. Ba shinkafa, ba burodi, ba mai, ba sukari. Da safe ruwan zafi da lemon tsami, da rana dafaffen kabeji, da yamma kokwamba da ƙwai ɗaya. Mai tsarin ya yi alkawarin kilo goma cikin kwana ashirin.

"Amarya, ke ce da ƙafarki har shago? Wa ya bar miki ƙofa a buɗe?"

"Kwashe tsummokaran nan in zauna. Mazan mutane shimfiɗa suke yi wa matansu, nawa ko benci bai iya sharewa ba."

"Mazan mutane matansu suna da haƙora."

"Goma sha ɗaya gare ni, kuma kowanne yana kan aikinsa. Naka talatin da biyu, mako uku ba abin da suka tauna sai ganye, kamar na akuya."

Ta zauna da ƙyar, ta jingine sandar, ta jefa masa wata leda a kan teburin yanka. Ya buɗe. Wandon Baba ne, mai ruwan toka, wanda yake fita aiki da shi.

"Alhamdu lillahi," in ji Tela, fuskarsa ta washe. "Kin gani ko? Har an fara kawo ragi. Inci nawa zan cire?"

"Buɗawa za ka yi."

"Ragewa dai. Kunnen ya fara bin haƙoran."

"Na ce buɗawa. Ya matse shi. Kunya ta hana shi kawowa da kansa, shi ya sa ya aiko uwarsa."

Ta kwance bakin mayafinta ta zaro wani zare mai ƙulli biyu. Ta ce da shi ta auna ƙugun ɗanta da safe. Tela ya shimfiɗa zaren a kan tef ɗin awo, ya duba, ya ɗaga, ya sake shimfiɗawa. Awon mahaifinsa a kansa yake, arba'in da huɗu. Zaren ya tsaya a arba'in da shida.

"Hannunki ne ke rawa."

"Hannuna ya riƙe ka ranar da aka haife ka bai yi rawa ba, ga ka kuwa kamar buhun siminti."

"To zaren ne ya miƙe."

"Zaren shagonka ne. In ya miƙe, ka nemi gafarar duk wanda ka taɓa yi wa ɗinki."

"Amarya, ta yaya mutumin da ke cin kabeji zai ƙara inci biyu?"

"Kabeji iska yake sawa. Ubanka yanzu duk iska ne. Ka riƙe shi da kyau, kada wata rana ya tashi sama."

Tela ya ajiye zaren. Ya matso kusa da ita, ya sunkuya, ya shinshina mayafinta.

"Kai, kauce! Sai yau ka tuna kana da mata?"

"Albasa. Soyayyar albasa nake ji, har da man shanu."

"Turare ne. Sabon yayi."

"Dube ni."

"Na gaji da duban ka. Shekara talatin ina duba, ba ka ƙara kyau ba."

"Ke ce. Rishon nan na ɗakinki. Ke kike ba Baba abinci a ɓoye."

Kaka ta gyara zama, ta ɗora hannu biyu a kan sandar.

"To, tunda alƙali ya zauna, a kira shaidu. Wane ne ke zuwa ɗakina kullum ƙarfe goma na safe, wai ya zo gaida matarsa, ya fita yana goge baki da hannun riga?"

Tela ya dubi ƙofa kamar wani zai shigo.

"Wannan daban. Ni aikin ƙarfi nake yi. Taka keke ba wasa ba ne."

"Keken lantarki? Da babban yatsa kake taka shi."

"Kuma kin rantse ba za ki faɗa wa kowa ba."

"Ban faɗa wa kowa ba. Kai nake faɗa wa, kai kuwa ba kowa ba ne."

"Na ɗauka ni kaɗai ne."

"Kowa haka ya ɗauka. Uwarka ƙarfe bakwai take leƙowa kafin ta wuce makaranta, ta ce in taimaka mata da shayi mai kauri, kada ta huce a kan 'ya'yan mutane. Kai ƙarfe goma. Auta ƙarfe biyu, da jakar littattafanta a baya, ko takalmi ba ta cirewa. Ubanka bayan la'asar. Kowa ya ci ya ce, don Allah Kaka kada a ji. Da yamma kuma ku haɗu a falo kuna tauna kokwamba kuna kallon juna kamar waliyyai. Ni da na ajiye aikin dafa wa ɗalibai ɗari huɗu abinci, ga shi ka mai da ni bakin aiki, ba albashi."

Dariya ta taso wa Tela, amma ba ta fito ba. Ya koma kujerarsa ya zauna.

"Wallahi kin cuce mu, Amarya. Da wasa da wasa kin rushe abin. Mutumin nan likita ya ce in bai rage ba, akwai matsala. Ke kuma kina can kina soya masa."

Kaka ta ɗauki wani ƙyalle a kan bencin tana naɗe shi a yatsa.

"Ka san abin da ya faru ranar kwana na tara?"

"Me ya faru?"

"Yana tuƙi, mota cike da mutane, sai ya ga hanya ta rabu biyu. Gumi ya karyo masa, hannunsa ya kama kyarma. Allah ya taimake shi ya gangara gefen titi ya tsaya. Wata fasinja ce ta gane abin, ta tura masa alawa a baki, ta sa aka sayo masa abin sha mai zaƙi. Ya sha maganin sukari da safe, ya bi shi da ruwan zafi da lemon tsaminka, ya fita. Mutum goma sha takwas ne a motar."

Tela ya ɗago kai ya dube ta.

"Bai gaya min ba."

"Ya ce kada a gaya maka. Ya ce yaron nan don ni yake yi, kada a karya masa gwiwa. Ya shigo ɗakina fuskarsa kamar toka, ya zauna a bakin gado, ya ce Inna, akwai wani abu? Rabon da ya tambaye ni haka tun yana firamare. Kai ka ce in yi yaya?"

Tela ya jawo aljihun teburin da yake zuba maɓallai, ya tona, ya fito da wata takarda da aka ninka huɗu, duk alli ya ɓata ta.

"Wannan ce aka ba shi a asibiti," ya ce. "Ni na karɓa daga hannunsa. Na karanta layi biyu, na ga an ce rabin kilo a mako, na ce wannan ai sai mu tsufa ba mu gama ba."

"Karanto min. Idona ya bi kunnen."

Ya karanta a hankali. Kada mai shan magani ya tsallake cin abinci. Sau uku a rana, a kan lokaci. Rabin faranti ganye, kwata shinkafa ko makamancinta, kwata kifi ko wake ko nama marar kitse. A rage mai, a rage zaƙi, kaɗan kaɗan. Tafiyar rabin awa. Da ya zo layin da aka ja wa jan biro, inda aka ce in an ji jiri ko kyarma a dawo asibiti, sai ya ɗora yatsa a kai.

"Ga shi nan a rubuce. Mako uku takardar tana kwance cikin maɓallai."

"Ai kai malami ne. Kana da waya."

"Bar ni, Amarya. Kin san abin da ya fi ci min rai? Shekara goma sha ɗaya ni ke yi masa ɗinki. Inci talatin da huɗu na fara auna shi. Kowace shekara in ya kawo yadi, sai in ƙara inci ɗaya ban ce masa komai ba, har in bar rara a ciki don gaba. Ina jin daɗi wai na iya aiki, kaya ba sa matse Baba. Ni na fi kowa sanin inda ake tafiya, tef yana wuyana. Da likita ya yi magana sai tsoro ya kama ni, na so in kwance aikin shekara goma sha ɗaya cikin kwana ashirin."

"Ka kuma raba mana zaman cin abinci. Da, ko me aka dafa, tare muke ci, ana surutu har a manta da kwano. Yanzu Auta ɗaki take shigewa da farantinta. Shekaranjiya na same ta a gaban madubi tana matse cikinta da hannu biyu, tana tambayata wai ita ma mummuna ce? Yarinyar da jarrabawa ke gabanta."

Tela ya dafe goshi.

"Ban ce mata haka ba."

"Ba ka ce ba. Ka dai rataya ma'aunin nauyi a ƙofar banɗaki kana kiran suna kamar a bariki."

Kaka ta dube shi, ta dubi wandon, ta sauke numfashi.

"Kada ka kwashe laifin duka, ka bar min rabona. Nawa ya girmi naka. Kakanka, Allah ya jiƙansa, irin takardar nan ya taɓa kawo min. Kana aji nawa ma lokacin? Ba za ka tuna ba. Na yi kwana huɗu ina dafa masa yadda aka ce. Rana ta biyar ya dubi farantin, ya ture shi da yatsa ɗaya ya tashi. Shi ke nan. Na shiga kicin na ɗauko galan ɗin mai. Da ya ci ya yi murmushi, na ce a raina, wane likita ne ya san mijina fiye da ni? Na ɗauka so ne nake nuna masa. Bayan shekara uku aka yanke masa yatsan ƙafa. Bayan nan ƙafar. Sauran ka sani."

"Kaka," in ji Tela a hankali.

"Kada ka ce min Kaka, sai in ji kamar mutuwa zan yi. Ni hannuna a makarantar kwana ya koyi girki. Shekara ashirin da takwas da tukunyar da mutum zai iya wanka a ciki. Ban san yadda ake dafa wa mutum biyar ba, ban san zuba mai da cokali ba. Kuma in na ga nawa da yunwa, hankalina barina yake yi. Ranar da ubanka ya zauna a bakin gadona, abin da ya kamata in ba shi daban, abin da na ba shi daban. Na soya, na ƙara, na ce ci. Washegari ma haka. Yau da na ɗaura masa zaren nan, na ga inda ƙullin ya tsaya, sai na ga uban nasa tsaye a gabana. Shi ya sa na taso da kaina. Ba wando ne ya kawo ni ba."

Ta share ido da ƙyallen da ke hannunta.

"Wannan yadin mutane ne," in ji Tela.

"Ka ce musu ado ne."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya juya takardar asibitin, ya zaro fensir daga bayan kunnensa.

"To, ni na kashe su da yunwa, ke kin kashe su da mai. Sai mu zauna mu raba gardama. Mai nawa kike zubawa a tukunyar gida?"

"Ludayi uku."

"Inna lillahi! Mota kike yi wa juye?"

"Ƙasa da haka abinci ba ya sheƙi."

"Cokali uku."

"Cokali uku? Ido zan sa wa kwalli? Shida."

"Huɗu."

"Biyar, in kuma ka ƙara magana in koma ludayi."

"Huɗu, ni kuma in janye maganar hana shinkafa."

"Da ma wa ya bi ta? To, huɗu. Amma babban cokali."

"Sukarin shayi fa? Baba huɗu yake zubawa."

"Ka ce ya daina gaba ɗaya, ka ga ya koma sha a tasha inda ba mai ganinsa. A fara da biyu. In bakinsa ya saba, a koma ɗaya. Ni na raine shi, ba a fizge masa abu, zare masa ake yi."

Tela ya rubuta. Suka yi ta ja. Lemon kwalba ya fita daga gidan, sai in baƙi sun zo, su ma a buɗe musu su kaɗai. Soye-soye sau ɗaya a mako, ranar da Baba ba ya fita. Kabeji ya tsira da ƙyar, bayan Kaka ta ce a kawo mata shi ta nuna musu yadda ake yi masa mutunci, da tumatir da ɗan kifi, ba a dafa shi a ruwa kamar wankin safa ba. Manyan farantan nan masu faɗin sitiyari za a ɗaga su sama, a sauko da ƙanana.

"Tukunya ɗaya," in ji Kaka. "Ba na Baba daban, na sauran mutane daban. Ranar da aka ware wa mutum kwano, ranar ya zama majiyyaci. Kuma a zauna tare."

"Rishonki fa?"

"Ruwan zafi kawai."

"Rantse."

"Ba na rantsuwa a gaban ɗan ƙarfe goma."

"Tafiya kuma. Rabin awa kullum bayan la'asar, har da ke."

"Ni da sanda?"

"Ke za ki zama 'yar sanda. Duk wanda ya ratse wajen mai shago, ki buga masa."

"Wannan aikin zan iya. Da kai zan fara. Ma'aunin nan kuma ka sauke shi daga ƙofar banɗaki, ka ba ubanka ya ajiye a ɗakinsa. Yarinyar nan kada in ƙara ganin an ɗora ta a kai."

"Na ji. Ranar Talata zan rufe shago in raka Baba asibiti. A gaya musu maganar jirin nan, su duba maganin, su duba wannan da muka rubuta. Abin da suka soke, ya soku."

"Kafin Talata fa?"

Tela ya gane abin da take nufi. Ya dubi wandon.

"Yau zan same shi. Ban san ta inda zan fara ba."

"Ka fara da kai masa wandonsa. Ka buɗa duka inci biyun, mutum ba ya tuƙi da rabin numfashi."

"In na buɗa, kamar na sallama ne."

"Ka yi ɗinkin da za a iya farkewa. Kada ka yanke komai. In Allah ya sa da rabo, wata shida ka mayar."

Ya ɗauki reza ya fara farke bayan wandon, a hankali, ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Kaka ta zuba masa ido har ya gama gefe ɗaya. Sannan ta jawo jakarta, ta yi ta lalube, ta fito da wani ƙunshi a takarda, mai ya huda ta ko'ina. Ƙamshi ya cika shagon. Burodi ne, an tsaga shi an cusa soyayyen ƙwai da albasa.

"Amarya! Yanzun nan muka gama magana!"

"Kafin maganar na soya. Ba ka zo ƙarfe goma ba, na ce ko mijina ya suma a kan keke. Zubarwa zan yi?"

Ta miƙa masa duka, kamar yadda ta saba. Hannunta ya yi nisa, sai ta tsaya. Ta janye shi, ta ɗora burodin a cinyarta, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sa yatsu ta raba shi biyu, ta miƙa masa ƙaramin.

"Wannan ne rabona? Ko ɓera ba zai gode ba."

"Karɓi. Ɗayan na uwarka ne in ta taso."

Ya karɓa yana dariya. Ita ma ta yi dariyar, haƙoranta a waje, tana naɗe sauran a takarda. Da ta gama naɗewa ta riƙe ƙunshin a hannu biyu.

"Ka ga, ashe ba wuya," ta ce. "Da na iya wannan tun lokacin kakanka, da yanzu kana da abokin takara a gida."

Tela ya cinye rabonsa a loma uku, ya goge hannu, ya zura zare mai ruwan toka a allurar keken.